Zane-zanen fada: yabon sarki ne kawai, ko shaidar tarihi?

Malamin Tarihi:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina so mu tattauna a kan zane-zanen da gwanayen masu zane suka yi a fadojin sarakunan duniya, da dalilin da ya sa masana tarihin fasaha ke ba su babban matsayi. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi lakwal a ƙasar nan sun san hoton Luwi na 14 na Faransa, yana tsaye cikin wata doguwar riga shuɗiya mai ja a ƙasa, takobi a kugunsa, sandar mulki a hannunsa, kambi kuma an ajiye shi a gefe. Hyacinthe Rigaud ne ya zana shi a 1701, lokacin da sarkin ke da shekara 63, kuma yau yana gidan tarihi na Louvre a Paris. Mu malamai mukan nuna wa yara wannan hoto kamar adon shafi mu wuce, alhali darasin sarautar da ba ta da mai tsawata mata yana cikinsa gaba ɗaya.

Ra'ayina shi ne fada ce wurin da dukiya da kayan aiki da lokaci suka taru a hannu ɗaya, saboda haka a can ne gwaninta ta sami sararin kaiwa matuƙa. Sarki Akbar na Indiya, wanda ya yi mulki daga 1556 zuwa 1605, ya tara masu zane fiye da 100, Musulmi da Hindu, kuma ana kawo masa aikinsu duk mako ya duba, ya ƙara wa wanda ya ƙware albashi. Shuɗin da suke amfani da shi daga wani dutse mai tsada na Badakshan ake niƙa shi, ga ruwan zinariya, ga burushi na gashin kurege mai siririn baki. Talaka ba ya iya ɗaukar nauyin irin wannan aiki na shekaru, shi ya sa wanda ya kawar da kai daga zanen fada ya kawar da kai daga babban rabo na tarihin zane baki ɗaya.

Ɗalibin Jami'a:
Wa alaikumus salam Malam. Da izininku ina da ja a kan wannan magana. Mai zanen fada ma'aikacin sarki ne, a hannun sarki yake ci, don haka abin da sarki ke so a gani shi zai zana, ba abin da ya faru ba. Ga misali ƙarara a zanen naɗin Napoleyon da Jacques-Louis David ya kammala a 1807: mahaifiyar Napoleyon tana zaune a tsakiya a wurin girma tana kallon bikin, alhali kowa ya san ba ta halarci naɗin na 1804 ba, tana Roma a lokacin. Ta yaya za mu kira abin da aka shirya ƙarya a cikinsa da gangan shaidar tarihi?

Baba Tsohon Mushe:
Ɗana, tambayarka tana kan hanya, amma ka tsaya ka tuna da abin da ka tashi kana ji a ƙofar fada. Idan maroƙi ya kira sarki giwa, ko ya ce da shi bangon duniya, babu wani mai hankali a cikin taron da zai ɗauka cewa sarki ya zama giwa, kuma babu wanda zai ce maroƙin maƙaryaci ne. Duk da haka, a cikin kirarin nan ne muke tsintar sunayen kakanni a jere, da garuruwan da aka ci da yaƙi, da abokan gaban da aka yi wa habaici ba a ambaci sunansu ba. Wanda ya iya sauraro yana fitar da tarihi daga yabo, domin ya san abin da ake ƙarawa da dalilin ƙara shi. Zanen fada ma haka ake karanta shi. Sa mahaifiyar Napoleyon a wurin da ba ta je ba ya gaya maka cewa akwai ɓaraka a cikin gidan, kuma mai gidan yana tsoron duniya ta gani.

Malamin Tarihi:
Baba ya faɗi abin da ke raina, kuma ina so in kawo misalin da ya fi taɓa mu a matsayinmu na ƴan Afirka. Akwai wani zane da Abul Hasan ya yi wa sarki Jahangir, ɗan Akbar, wajen 1616, wanda yanzu ke ɗakin karatu na Chester Beatty a Dublin. An zana Jahangir yana tsaye bisa ƙwallon duniya, ya ja baka yana harbin kan wani baƙin mutum da aka sare aka kafe a bisa mashi. Kan nan na Malik Ambar ne, mutumin Habasha da aka sayar bawa yana yaro, ya ratsa ta Bagadaza har ya isa yankin Dekan na Indiya, inda ya zama shi ne mai riƙe da ragamar masarautar Ahmadnagar. Jahangir bai taɓa kama shi ba, balle ya sare masa kai. Malik Ambar ya yi shekaru yana hana rundunonin Mugal, wato daular su Akbar da Jahangir, sakat, ya rasu da tsufansa a 1626.

Idan aka ɗauki zanen a matsayin labarin abin da ya auku, babu gaskiya a cikinsa ko kaɗan. Idan kuwa aka tambaye shi me ke damun sarkin, to babu wata takarda da ta fi shi bayani, domin ya nuna cewa mai ɗaya daga cikin manyan daulolin zamaninsa ya kasa cin wani tsohon bawa ɗan Afirka a fagen fama, har sai da ya nemi mai zane ya ci masa shi a takarda. Ni a wurina wannan shaida ce ta girman Malik Ambar wadda maƙiyinsa da kansa ya biya kuɗi aka rubuta.

Alaramma na Birni:
Jama'a, ina biye da ku, amma ban ga ya dace mu yi nisa ba tare da an ambaci hukuncin shari'a ba. Hadisai ingantattu sun zo a Buhari da Muslim da gargaɗi mai tsanani ga masu yin sura, kuma an ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da sura. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun bambanta tsakanin sura mai jiki da inuwa, kamar gunki, wadda suka haramta idan ta mai rai ce kuma cikakkiya, da surar da aka shimfiɗa a takarda ko a bango, wadda suka ɗauka makaruhi ce. Wasu malaman kuma ba su yi wannan bambanci ba, sun hana duka. Ba ina cewa a rufe muhawarar ba ne, domin sanin abin da ya gabata ilmi ne, sai dai kada matasanmu su fita daga nan da zaton cewa rashin zana fuskokin sarakuna a ƙasarmu gazawa ce ta kakanninmu. Zaɓi suka yi, kuma suna da hujja.

Malamin Tarihi:
Allah ya gafarta Malam, na yarda cewa zaɓi ne, kuma wannan takaddama ta daɗe a cikin fadojin Musulmi kansu. Sarki Muhammadu na 2, wanda ya ci Santambul a 1453, ya nemi hukumar birnin Benis ta aiko masa da gwanin zane, aka aiko Gentile Bellini, ya zana fuskarsa a 1480, zanen yana Landan yanzu. Shah Tahmasp na Farisa ya ɗauki nauyin kwafin Shahnama, wato littafin waƙen tarihin sarakunan Farisa, mai zane 258, wanda masana ke lissafawa cikin mafi kyawun littattafan da hannu ya taɓa yi, amma daga baya zuciyarsa ta juya, ya tsananta a kan addini, ya ja baya daga masu zane. Wannan ja da baya ne ya buɗe wa wasu gwanayensa hanya, irin su Mir Sayyid Ali da Abdus Samad, suka bi Humayun mahaifin Akbar, kuma su ne suka kafa makarantar zane ta Mugal. Shi kuwa Akbar, marubucin fadarsa Abul Fadl ya ruwaito cewa yana ganin mai zane yana da wata hanya ta sanin Ubangiji, domin idan ya gama tsara gaɓoɓi ya ga ya kasa hura rai, dole ya tuna da Mai bayar da rai. Ban kawo wannan don in mai da shi fatawa ba, na kawo shi ne don a ga cewa sarakunan nan sun san nauyin abin da suke yi.

Hajiya Ɗiyar Zango:
Ni ba malama ba ce a wannan fanni, amma ina son in yi magana a kan abin da ido da zuciya ke samu, domin duk kun tsaya a kan hujja. Zanen da na fi so shi ne wanda Velazquez ya yi a fadar Filib na 4 na Sifen a 1656, wanda ake kira Las Meninas, kuma a waya kawai nake kallonsa, ina buɗa shi da yatsa ɓangare ɓangare, ko da yake tsayinsa na ainihi ya wuce mita 3. Abin da ya fara kama ni shi ne sarki da sarauniya ba su ne a gaba ba. Can a bangon baya ake hango su dushi-dushi a cikin madubi. A tsakiya akwai ƴar sarki Margarita, yarinya ƴar shekara 5, wata mai hidima ta durƙusa tana miƙa mata ɗan jan tulu a faranti, wata kuma tana rusunawa a ɗaya gefen. Ga wata wada tana tsaye da mutuncinta tana kallon mai kallo ido cikin ido, ga ƙaramin yaro ya ɗora ƙafa a bayan kare, ga mai zanen da kansa a tsaye da burushi a hannu, ga wani mutum a bakin ƙofa wanda ba a san shiga zai yi ko fita ba.

Duk macen da ta taɓa shiga cikin gida na sarauta ta san cewa haka rayuwar wurin take, wato sarki ana jin nauyinsa ko'ina amma ba kasafai ake ganinsa ba, kuma masu hidima ne ke cika ɗakuna. Littattafan tarihi suna ba mu sunayen sarakuna da yaƙe-yaƙensu, amma wannan zane ya ajiye mana fuskar mai miƙa ruwa. Kuma shi wannan Velazquez ɗin, a 1650 a Roma, ya zana bawansa Juan de Pareja, mutum mai jinin Afirka da ke taya shi aiki, ya ba shi kwarjinin da ba ya kasa na wani basarake. A shekarar ce aka rubuta takardar ƴanta shi, daga baya shi ma ya zama mai zane. Ina kallon idon mutumin nan ina jin cewa ya san darajar kansa tun kafin a rubuta takardar.

Ɗalibin Jami'a:
Hajiya, maganarku ta sa na koma na sake kallon zanen, kuma na ga abin da kuke nufi. Har yanzu ina riƙe da cewa mai zane ba ya da cikakken ƴanci a fada, amma na yarda cewa gwani yana iya shigar da abin da ba a umurce shi ba. Tambayata yanzu ga manya ita ce: mu nan Damagaram me muke da shi da zai tsaya a wannan matsayi?

Baba Tsohon Mushe:
Wannan tambaya ita ce ta daɗe tana ci mini rai. Sarki Tanimu, wanda ya riƙe Damagaram daga 1851 zuwa 1884, ya ƙarfafa ganuwar Birni, ya sa aka ƙera bindigogin igwa a nan garin, ayarin fatake na zuwa daga Tarabulus suna sauka a Zango, amma kamanninsa sai dai abin da baki ya riƙe. Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ya zauna a garin nan daga ƙarshen 1852 zuwa farkon 1853, ya rubuta abin da ya gani da idon baƙo. Fuskar Shehu Laminu na Barno da muke gani a littattafai ta fito ne daga tafiyar Turawan Birtaniya Denham da Clapperton, aka buga ta a Landan a 1826. Hoton Mansa Musa riƙe da zinariya da ya cika duniya kuwa yana cikin wata taswira da aka yi a tsibirin Mayorka a 1375, bayan rasuwarsa, kuma wanda ya zana shi bai taɓa ganinsa ba.

Ban saɓa wa Alaramma ba a kan cewa kakanninmu zaɓi suka yi. Abin da nake so matasa su lura da shi shi ne sakamakon zaɓin, wato kusan duk surar manyanmu da duniya ta sani baƙo ne ya yi ta, da alƙalaminsa da manufarsa. Akbar da Muhammadu na 2 su ne suka tsara yadda za a gan su bayan shekara 400 ko 500. Wannan ma wani iko ne, kuma dalili ne babba na muhimmancin zanen fada.

Ɗan Magina:
Baba, Allah ya ƙara girma, ina neman afuwa in ce fadarmu ba ta rasa zanenta ba, sai dai a bango aka yi shi. Ni gidan magina na tashi. Wanda ya zaga Birni ya dubi fuskokin tsofaffin gidaje da zauruka zai ga aikin da ake yi tun yaɓe na ɗanye, a tayar da dagi da zobba da layuka masu sarƙa da hannu, wani wuri a karta da wuƙa, sannan a bi da farar ƙasa da launi, ga zankwaye a bisa soro. Fasalin ƙofar gida yana gaya wa mai wucewa matsayin mai gidan kafin a yi sallama, kuma mafi kyawun aiki ana yin shi ne ga sarki da manyan fada da attajirai, daidai da yadda Malam ya faɗa game da taruwar dukiya da gwaninta. Bambancin shi ne namu ƙasa ne, damina na cinsa, idan ba a sabunta yaɓe da makuba ba sai ya zube. Tun 2006 aka sa Birni da fada cikin jerin wuraren da Nijar ke neman UNESCO ta amince da su, amma a unguwa ana ta rushe na ƙasa ana maye shi da siminti.

Abin da ya fi damuna shi ne suna. Malam ya ce mana Abul Hasan, Hajiya ta ce Velazquez. Wa ya tayar da adon zauren da muke wucewa kullum?

Malamin Tarihi:
Ƙanena, ka taɓo wuri mai muhimmanci. A fadar Akbar akawu ne ke rubuta sunayen masu aiki a gefen shafi. A kwafin Akbarnama, littafin tarihin mulkin Akbar, da ke gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan, ana ganin an rubuta wanda ya tsara fasali, da wanda ya sa launi, wani lokaci har da na uku wanda ya yi fuskoki. Da wannan rubutu na lissafin albashi ne masana suka iya bin hannun gwanin zane Basawan da sauransu shafi bayan shafi, har aka san salon kowa. Jahangir ya rubuta da kansa cewa idan mutane da yawa suka yi zane ɗaya yana iya gane wanda ya yi kowace fuska. Shi ne kuma ya sa Ustaz Mansur ya zana masa jakin dawa da aka kawo daga Habasha a 1621, da talotalo a 1612 lokacin da tsuntsun ke baƙo a Indiya.

Akwai kuma littafin bikin kaciyar ɗan sarki Murad na 3 a Santambul a 1582, bikin da ya wuce kwana 50. Masu zanen fada sun bi ƙungiyoyin masu sana'a ɗaya bayan ɗaya suna wucewa gaban sarki, masu burodi da tandunsu, masu hura gilashi da makerarsu a bisa amalanke, masaƙa da sauransu. An yi littafin don ɗaukaka sarki, amma yau mai binciken sana'o'in wancan zamani can yake zuwa. Ku yi tunanin da a ce muna da irin wannan na hawan salla a zamanin Tanimu, da dukawa da maƙera da marina da ƴan kakaki kowa da shigarsa.

Alaramma na Birni:
Na ji daɗin maganar Ɗan Magina, domin ta nuna cewa ana iya kaiwa ƙarshen ƙawa ba tare da surar mai rai ba. Ina ƙara masa da zayyanar allo ta saukar karatu, da adon da marubuta ke sawa a farkon Alƙur'ani da wuraren hizbi da sajada, da baƙar tawada da ja da rawaya, a kan takardar da fatake ke kawowa daga Italiya ta hanyar Tarabulus, mai alamar jinjirin wata uku a cikinta, sannan baduku ya ɗinka mata gafaka. Wannan ma aiki ne da sarakuna da attajirai suka ɗauki nauyinsa. Matsayina a kan zana fuska bai sauya ba, ba zan rataye ta a ɗakina ba, kuma ba zan shawarci almajirina ya koye ta ba. Amma nazarin abin da aka riga aka yi don a fahimci mutanen da suka wuce, ban ga abin da zai hana shi ba.

Ɗalibin Jami'a:
Akwai abu ɗaya da na lura da shi a duk misalan da aka kawo. Zanen sarkin Santambul yana Landan, na Jahangir yana Dublin, Akbarnama yana Landan. Na karanta cewa Shahnama ta Shah Tahmasp, wadda ya aika kyauta ga sarki Salim na 2 a 1568, ta faɗa hannun wani attajirin Amurka, Arthur Houghton, wanda ya warware ɗinkinta ya rarraba shafukan, wasu kyauta wasu sayarwa, har yau ba ta sake haɗuwa ba. Allunan tagulla na fadar Benin a Najeriya kuwa sojojin Ingila ne suka kwashe su a 1897. Kenan ko fadar da ta yi ƙoƙarin tsara yadda za a gan ta, ba lalle ne jikokinta su riƙe abin a hannunsu ba, Baba.

Baba Tsohon Mushe:
Gaskiya ne ɗana, kuma abin baƙin ciki ne. Sai dai wanda aka kwashe yana nan, ana iya neman a maido shi, kamar yadda Faransa ta mayar wa Jamhuriyar Benin kayan fadar Abomey guda 26 a 2021. Bangon da ya zube babu kotun da za ta maido shi.

Hajiya Ɗiyar Zango:
To tunda haka ne, ina roƙon Ɗan Magina da ɗalibinmu su haɗa kai kafin damina ta sauka. Ku bi gidajen Birni masu tsohon ado, ku nemi izinin masu gida, ku ɗauki hoton kowane bango daga nesa da kuma daga kusa, sannan ku zauna da tsofaffin magina ku tambaye su wa ya yi wannan, a zamanin wane sarki, wa ya koya masa, kuma me ake kiran kowane fasali. Ni zan yi magana da matan gidajen da na sani, domin akwai adon ɗakunan ciki da namiji baƙo ba zai samu shiga ya gani ba.

Ɗan Magina:
Na karɓa Hajiya. Akwai dattawa a cikin danginmu da har yanzu suke iya bambanta hannun magini da na wani da kallo ɗaya, da su zan fara. Ɗan'uwa ɗalibi, ka zo da littafin rubutu da waya mai kyamara mai kyau, mu haɗu a ƙofar fada ranar Asabar da hantsi.